Monika ta Tagaste, Macen da Ta Iya Bakinta

Abin karantawa: Yaƙub 3:1-12, Misalai 15:1-4, Afisawa 4:25-32.

A cikin wasiƙarsa Yaƙub ya kwatanta harshe da abu uku: linzamin da a ke sa wa doki a baki, da ɗan katakon da matuƙi ke juya babban jirgin ruwa da shi, da ƙanƙanuwar wutar da ke cinye kurmi. Dukansu ƙanana ne, aikinsu kuwa babba. Wannan koyarwa ta fi shiga zuciya idan mun gan ta cikin zaman wani mutum mai jini da tsoka kamarmu, wanda ya sha irin wahalar da mu ke sha. Domin haka za mu duba labarin wata mace ta ƙasar Afirka, sunanta Monika, uwar Agustin, babban malamin ikilisiya. Ba ta rubuta littafi ba, ba ta kuwa taɓa hawa wurin wa'azi ba. Duk da haka ta wurin bakinta Allah ya rinjayi miji mai zafin rai, ya kwantar da gida mai rikici, ya kuma komo da ɗan da ya ɓata. Kusan dukan abin da muka sani game da ita daga wurin ɗan nan nata ya fito, cikin littafin da ya fara rubutawa wajen shekara goma bayan rasuwarta, wanda a ke kira Confessiones da Latinanci, watau Furci.

Haihuwarta da renonta

An haifi Monika wajen shekara ta 331 a Tagaste, wani ƙaramin gari na ƙasar Numidiya, cikin duwatsun arewacin Afirka. Wurin nan yanzu a ƙasar Aljeriya ya ke, ana ce da shi Suk Ahras. A zamanin nan ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Romawa, kuma bai fi shekara ashirin ba tun da Sarki Kustantin ya ba Kirista izinin yin sujada a fili. Saboda haka a gari ɗaya, har a gida ɗaya, a kan sami masu bin Kristi da masu bin gumakan kakanninsu suna zaune tare.

Iyayenta masu bi ne, amma ita da kanta ta fi ambaton wata tsohuwar baiwa ta gidansu wajen zancen tarbiyyarta. Tsohuwan nan ta goyi uban Monika tun yana jariri, don haka a ke girmama ta, aka kuma danƙa mata 'yan matan gidan. Ta riƙe su da ƙarfi ƙwarai, har ta kan hana su shan ruwa in ba lokacin cin abinci ba, kome ƙishirwarsu. Dalilinta shi ne, yarinyar da ba ta koyi danne kwaɗayinta a kan ruwa ba, ran da ta yi aure ta riƙe mabuɗin ɗakin ajiya, ba za ta iya danne shi a kan ruwan inabi ba.

Zagin da ya zama magani

Abin da tsohuwa ta ji tsoro kuwa ya kusa aukuwa. Iyayen Monika su kan aike ta ta ɗebo ruwan inabi daga ma'aji, gama sun amince da natsuwarta. Da fari ta kan ɗan taɓa da leɓe kawai, don ƙuruciya da son karya doka. Kwanci tashi kaɗan ya zama da yawa, har ta kai ga shanye kusan cikakken ƙoƙo, ba wanda ya sani sai wata kuyanga da ke raka ta. Ran nan faɗa ya haɗa su, su biyu kaɗai, sai kuyanga ta yi mata gori, ta kira ta 'yar mashayiya. Kalman nan ta soke ta har zuci. Ta dubi kanta, ta ga munin abin da ta ke yi, ta bar shi daga ran nan.

Sai mu lura da abu biyu a nan. Kuyangan nan ba ta nufi alheri ba. So ta ke ta ƙona ran uwargijiyarta, kuma da ta so gyara, da ta faɗa tun da wuri, ko ta gaya wa manya. Allah ne ya ɗauki mugunyar kalma ya yi aikin wuƙar likita da ita, amma wannan bai wanke mai zagin ba. Na biyu kuwa, Monika ba ta tsaya kan wanda ya faɗi maganar ba, ko irin muryar da aka faɗe ta da ita. Ta duba ko gaskiya ce. Mutane da yawa su kan jefar da gaskiya domin daga bakin maƙiyi ta fito, alhali kuwa abokai su kan lalata mu da daɗin baki, maƙiya kuma wani lokaci su gyara mu da zagi. Tun tana yarinya ta san zurfin da kalma guda ke iya shiga cikin zuciyar mutum, ta kuwa yi hankali da nata kalmomi dukan kwanakinta.

Gidan Fatrisiyus

Da ta isa aure aka ba da ita ga wani mutum mai suna Fatrisiyus, ɗaya daga cikin 'yan majalisar garin Tagaste. Yana da 'yan gonaki, amma ba mawadaci ba ne, ba kuma mai bi ba ne. Mutum ne mai sakin hannu da son mutane, sai dai yana da saurin fushi ƙwarai, bai kuma riƙe amanar aure ba. Suka haifi 'ya'ya maza biyu, Agustin da Nabigiyus, da 'ya mace guda. An haifi Agustin ran 13 ga Nuwamba, shekara ta 354.

Ga dabarar da Monika ta bi da mijinta. Sa'ad da ya husata, ba ta kan tare shi da gardama ba, ko da kalma ɗaya. Ta kan bari sai wutar ta mutu, hankalinsa ya komo, sa'an nan ta nemi lokacin da ya dace ta bayyana masa dalilin abin da ta yi, in ya zamana ya yi fushi ba bisa kan gaskiya ba. Kada mu ɗauka shirun nan tsoro ne, ko rashin abin faɗa. Ta kan faɗi gaskiyarta sarai, amma sai kunne ya buɗe. Wannan shi ne abin da Misalai 15:1 ke koya mana, cewa tattausar amsa ta kan juyar da hasala, magana mai zafi kuwa ƙara mata itace ta ke yi.

Matan garin da yawa, waɗanda mazansu ba su kai nata zafi ba, su kan zo hira da tabon duka a fuska. Su kan yi mamaki da ba a taɓa jin Fatrisiyus ya ɗaga mata hannu ba, ba a kuma taɓa jin sun yini guda suna gaba ba. Da su ka tambaye ta asirin, sai ta gaya musu, cikin raha amma da nufin gaske, cewa su kula da harshensu. Waɗanda suka bi shawararta suka gode mata.

A nan wajibi ne mu yi taka tsantsan, domin kada a ɗauki wannan labari a mai da shi sanda. Monika ta yi zamanta ƙarƙashin dokar Romawa, inda mace ba ta da wurin kai kuka kan abin da ke faruwa a cikin gida, ta kuwa ba 'yan'uwanta mata shawarar da ta ga za ta tsirar da su a wannan hali. Amma Littafi Mai Tsarki bai ɗora laifin duka a kan wadda aka doka ba. Kolosiyawa 3:19 ta umarci maza su ƙaunaci matansu, ta kuma hana su yi musu ɗaci. 1 Bitrus 3:7 ta gargaɗe su su ba matansu girma, in ba haka ba addu'arsu ta gamu da shinge. Mijin da ke dukan matarsa, ko ya ke yanka ta da baki, zunubinsa a kansa ya ke, kuma haƙƙin dattawan ikilisiya ne su tsawata masa, su kāre wadda a ke zalunta. Darasin Monika na maza ne kamar yadda ya ke na mata: tsakanin harshe da haƙori ma a kan saɓa, amma mai hikima ya kan jira fushi ya wuce kafin ya buɗe baki.

Haƙurin nan bai tafi banza ba. A ƙarshen kwanakinsa Fatrisiyus ya ba da gaskiya, aka yi masa baftisma, ya rasu wajen shekara ta 371 yana mai bi. Abin da 1 Bitrus 3:1-2 ta ambata ke nan, cewa mijin da bai ji Maganar ba, halin matarsa yana iya rinjayarsa.

Uwar miji da masu kai gulma

Wata wahala kuma ta same ta tun farkon aurenta. Waɗansu kuyangin gidan suka riƙa kai wa uwar mijinta raɗe-raɗi a kanta, har tsohuwa ta ɗauki ƙiyayya ta ɗora mata. Monika ba ta rama ba, ba ta kuma kafa tata ƙungiyar masu kai mata labari ba. Ta dinga yi wa surukarta ladabi da biyayya da tawali'u, yau da gobe, har tsohuwa ta gane da kanta cewa matar da ta ke gani da idonta dabam ta ke da wadda a ke kwatanta mata a kunne. Sai ta tafi wurin ɗanta ta tona masu gulmar, ta ce a hore su. Fatrisiyus ya sa aka yi musu bulala bisa ga al'adar zamanin bauta, tsohuwa kuma ta yi kashedi cewa duk wadda ta sake kawo mata mugun zance game da matar ɗanta, irin ladan da za ta samu ke nan. Ba wadda ta ƙara gwadawa. Daga nan matan nan biyu suka zauna lafiya, zama mai daɗi wanda mutane suka daɗe suna tunawa.

Ba mu yaba bulalar ba, ba mu kuwa yaba bautar da ta ba da ikon yin ta ba. Abin lura shi ne, ba wata matsala tsakanin uwar miji da matar ɗa sai harsunan da ke kai da kawowa. Da aka tsai da su, rikici ya mutu, kamar yadda Misalai 26:20 ta nuna cewa wuta ta kan mutu in itace ya ƙare, husuma kuma ta kan kwanta in babu mai tsegumi. Mai kai gulma kuwa ba ya cin kasuwa sai ya sami mai saye. Muddin tsohuwa tana ba da kunne, kuyangi suna da aiki. Ran da ta toshe kunnenta, sana'arsu ta mutu.

Mai sulhunta mutane

Akwai wata baiwa da Agustin ya yaba mata ƙwarai, ita ce kuwa zuciyar wannan darasi. Sau da yawa mata biyu da ke gaba da juna, kowace ta kan zo wurin Monika ita kaɗai, ta amayar da dukan ɗacin da ke cikinta game da ɗayar, irin maganganun da mutum ke faɗa gaban aminiya sa'ad da abokiyar gaba ba ta nan. Monika ta kan saurara duka. Amma ba ta kan ɗauki kome daga bakin wannan ta kai wa waccan ba, sai abin da zai taimaka su shirya. Mugun zancen ya kan mutu a cikinta, ɗan alherin da ta tsinta a ciki kuwa shi ta ke kaiwa.

Agustin ya ce da zai ɗauki wannan ƙaramin abu ne, in ba don ya ga da idonsa yawan mutanen da ke yin akasin haka ba: su kwashe abin da mai fushi ya faɗa su kai wa mai fushi, har su ƙara abin da ba a faɗa ba. A ganinsa bai isa mutum ya ƙi hura wutar gaba kaɗai ba, sai ya yi ƙoƙari ya kashe ta da kyakkyawar magana. Ya kuma shaida cewa ba a makaranta ta koyi wannan ba. Allah ne ya koya mata a asirce cikin zuciyarta.

Mu lura, ba ƙarya ta ke yi don ta gyara tsakani ba. Ba ta ƙirƙiro yabon da ba a yi ba. Zaɓe ta ke yi, kamar mai tankaɗe da ke fid da gari ta zubar da tsaki. Ba dukan abin da ya ke gaskiya ne ya wajaba a maimaita ba. Mizanin da Afisawa 4:29 ta ba mu shi ne ko maganar za ta gina mai ji, ko ta dace da bukatarsa, ko za ta kai masa alheri. Ubangijinmu kuma a Matta 5:9 ya sa wa masu ƙulla salama albarka, ya ce su za a kira 'ya'yan Allah.

Ɗan da ya ɓata

Gwaji mafi tsanani ya zo mata ta wurin ɗanta. Agustin yaro ne mai kaifin hankali. Ya yi karatu a Tagaste da Madaura, sa'an nan ya tafi Kartaj, babban birnin ƙasar, kusa da inda Tunis ta ke yanzu, domin ya ƙware a ilimin fasahar magana. A can ya ɗauki mace ba da aure ba, ta haifa masa ɗa mai suna Adiyodatus. Yana ɗan shekara 19 ya shiga ƙungiyar mabiya Mani, masu koyar da cewa haske da duhu ikoki biyu ne madawwama, masu kuma yi wa Tsohon Alkawari ba'a. Ya yi shekara tara a cikinsu, yana amfani da iya bakinsa yana rikita bangaskiyar waɗansu.

Da ya komo Tagaste da wannan koyarwa, Monika ta ƙi yarda ya ci abinci tare da ita. Taushin harshenta bai hana ta ƙin saɓo ba. Amma ta yi mafarki, ta ga kanta tsaye bisa wani katakon awo tana kuka, wani saurayi mai haske ya ƙarfafa ta ya nuna mata cewa inda ta ke, nan ɗanta zai kasance. Ta duba, sai ga shi tsaye kusa da ita. Da ta ba Agustin labari, ya so ya murɗe ma'anar, wai ita ce za ta komo inda ya ke. Nan take ta gyara masa, ba da faɗa ba, ta nuna masa cewa ba haka aka faɗa mata ba. Daga baya ya shaida cewa amsan nan tata ta taɓa shi fiye da mafarkin kansa. Ta kuwa sake karɓarsa a gida.

Ta tafi wurin wani bishop masani ta roƙe shi ya yi muhawara da ɗanta. Bishop ya ƙi, gama ya ga saurayin yana cike da alfarmar sabon abin da ya samu, bai isa koyuwa ba tukuna. Ya gaya mata shi kansa an ba da shi ga mabiya Mani tun yana yaro, ya karanta littattafansu har ya kwafe su da hannunsa, ya kuma gane ɓatansu ba tare da kowa ya yi gardama da shi ba. Ya shawarce ta ta bar shi, ta yi ta addu'a kawai. Da ta matsa masa da kuka, ya sallame ta da ɗan gundura, ya ce mata ba shi yiwuwa ɗan da aka zubar wa hawaye haka ya hallaka. Ita kuwa ta karɓi maganan nan kamar daga sama ta sauko, ta jingina a kanta shekaru da yawa. Mai maganar bai san nauyin abin da ya faɗa ba, ko sunansa ma bai iso gare mu ba, amma jimla guda tasa ta riƙe wata uwa tsaye har ta ga cikar begenta.

A shekara ta 383 Agustin ya ƙudura zai haye teku zuwa Roma. Uwarsa ta bi shi har bakin teku tana roƙonsa ya fasa, ko kuwa ya tafi da ita. Sai ya yi mata ƙarya, ya ce wani aboki ya ke rakiya, ya lallashe ta ta kwana a wani ɗakin sujada na tunawa da Kifriyan kusa da tashar jiragen. Cikin dare jirgi ya tashi da shi. Da gari ya waye ta tarar ya tafi. Ta yi kuka mai zafi, ta zarge shi da yaudara, sa'an nan ta koma ga yi masa addu'a.

Milan

A shekara ta 384 aka naɗa Agustin malamin fasahar magana a Milan, inda fadar sarki ta ke a lokacin. Cikin aikinsa har da tsara jawabin yabon sarki, wanda shi da kansa ya ce cike ya ke da ƙarairayi, masu tafa masa kuma sun san ƙarya ce. Daga baya ya kira kansa mai sayar da kalmomi. A birnin nan ya gamu da Bishop Ambros, wanda ya karɓe shi kamar uba. Agustin ya shaida cewa ya fara ƙaunar Ambros tun bai yarda da koyarwarsa ba, domin kawai mutumin ya yi masa kirki. Ya riƙa zuwa jin wa'azinsa don ya auna gwanintarsa, amma tare da daɗin kalmomin gaskiyar da ke cikinsu ta riƙa shiga kaɗan kaɗan. Alheri ne ya buɗe ƙofar da gardama ta kasa buɗewa.

Monika ta biyo shi a shekara ta 385. A kan teku hadari ya taso, sai ga ta ita ce ke ƙarfafa ma'aikatan jirgin, waɗanda bisa ga al'ada su ne ke kwantar da hankalin fasinjoji. Da ɗanta ya gaya mata ya rabu da mabiya Mani amma bai zama Kirista ba tukuna, ta amsa masa a natse cewa ta gaskata za ta gan shi mai bi kafin ta bar duniya.

Ba za mu ɓoye rauninta ba, gama ɗanta ma bai ɓoye ba. Ta ƙwallafa rai ga ɗaukakarsa ta duniya, ta kuma sa hannu wajen nema masa auren 'yar babban gida, abin da ya sa aka raba shi da uwar ɗansa bayan zaman shekaru da yawa, aka mai da ita Afirka da karyayyar zuciya. Monika mai zunubi ce da ta tsira ta wurin alheri, kamar kowane ɗayanmu.

A shekara ta 386, Agustin yana kuka cikin wani lambu a Milan saboda nauyin zunubinsa, sai ya ji muryar yaro daga maƙwabta tana maimaita waƙar wasa, tana cewa a ɗauka a karanta. Ya buɗe wasiƙun Bulus, idonsa ya faɗa kan Romawa 13:13-14, duhun shakka ya watse. Shi da abokinsa Alifiyus suka shiga suka gaya wa Monika, ta yi murna ta yabi Allah. A daren Idin Tashin Kristi na shekara ta 387 Ambros ya yi wa Agustin baftisma, tare da ɗansa da abokin nan nasa.

Ostiya

Suka kama hanyar komawa Afirka, suka sauka a Ostiya, tashar jiragen Roma a bakin kogin Tiber. Wata rana uwa da ɗa suka jingina a taga mai duban lambu, su kaɗai, suna zance mai daɗi a kan irin ran da tsarkaka za su yi har abada a gaban Allah. Ta gaya masa ba sauran abin da ke riƙe ta a duniya, gama abu guda da ta ke jira Allah ya ba ta har da ƙari. Bayan kwana biyar ko kusa da haka zazzaɓi ya kama ta. Ko da ya ke ta riga ta shirya wa kanta kabari kusa da na mijinta a Tagaste, ta ce wa 'ya'yanta su binne ta ko'ina, sai dai su riƙa tunawa da ita a gaban bagaden Ubangiji. A cikin ciwon nan ta yaba wa Agustin, ta ce ba ta taɓa jin kalmar zagi ko ta raini daga bakinsa zuwa gare ta ba. Tana da abubuwa da yawa da za ta iya tuna masa, har da daren nan na bakin teku, amma ta zaɓi ta bar masa kalmar da za ta zama magani ga baƙin cikinsa. A rana ta tara ta ciwon ta rasu, cikin shekararta ta 56. Wani abokinsu mai suna Ebodiyus ya ɗauki littafin Zabura ya fara rera Zabura 101, dukan gidan suna amsawa. A cikin zaburan nan ne Dawuda ya yi alkawari ba zai bar mai ɓata sunan maƙwabcinsa a ɓoye ba, ko maƙaryaci, ya zauna a gidansa.

Irin da ta shuka ya yi tsiro. Agustin ya zama bishop na Hifo, garin da a ke kira Annaba yanzu, ya yi hidima a can har rasuwarsa a shekara ta 430. Almajirinsa Fosidiyus ya ba da labari cewa ya sa an rubuta gargaɗi a kan teburinsa na cin abinci, cewa mai son cin naman wanda ba ya nan ba shi da wuri a teburin. Wata rana waɗansu bishop-bishop abokansa suka manta suka shiga gulma, sai ya tsawata musu, ya ce ko dai a kankare rubutun, ko kuwa shi ya tashi ya bar musu abincin.

Abin da za mu koya

Na fari, magana tana da lokacinta. Gaskiyar da aka faɗa wa mai fushi ta kan zama kamar iri bisa dutse. Na biyu, kowane ɗayanmu ya kan ji zance a bakin rijiya, da kasuwa, da ƙofar majami'a bayan sujada, yanzu kuma har ta wayar hannu, inda magana ke ƙetare garuruwa kafin mai ita ya yi nadama. Magana zarar bunu ce. Sai mu tambayi kanmu ko zance ya kan mutu a wurinmu, ko kuwa daga wurinmu ya ke samun ƙafafu. Na uku, kada mu raina kalmar ƙarfafawa, gama ba mu san wanda zai jingina a kanta shekara goma ba. Na huɗu, Yaƙub ya faɗa sarai cewa ba ɗan adam da ke iya horon harshe da ikon kansa, Ubangiji Yesu kuma ya nuna a Matta 12:34-37 cewa abin da ya cika zuciya shi ke fita ta baki, kuma za mu ba da lissafin kowace maganar banza a ranar shari'a. Gyaran harshe daga sabuwar zuciya ya ke farawa, wannan kuwa aikin Ruhu Mai Tsarki ne cikin wanda ya ba da kansa ga Kristi, shi wanda aka zage shi bai rama ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa zagin kuyanga ya amfani Monika? Yaya ya kamata mu karɓi gyara daga bakin wanda ba ya ƙaunarmu?
2. Ina bambanci tsakanin shirun hikima da shirun tsoro? Dubi labarin Abigail a 1 Sama'ila 25.
3. Mene ne haƙƙin miji bisa ga Kolosiyawa 3:19, mene ne kuma haƙƙin ikilisiya sa'ad da a ke zaluntar mace a gidanta?
4. Wa ya fi laifi, mai kai gulma ko mai sauraronta?
5. Akwai mutum biyu da ke gaba da juna waɗanda dukansu su kan yi magana da kai? Wace kalma za ka kai, wace kuma za ka binne?

Ayar haddacewa: Afisawa 4:29.

Addu'a: Ya Ubanmu na sama, kai ne ka ba mu harshe domin mu yabe ka, mu kuma gina 'yan'uwanmu. Ka gafarta mana maganganun da muka yi cikin fushi, da waɗanda muka ɗauka daga wani gida muka kai wani. Ka tsarkake zukatanmu, ka koya mana lokacin yin shiru da lokacin yin magana, ka mai da mu masu ƙulla salama a gidajenmu da ikilisiyarmu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.